Abu Raihan Al-Biruni: Malamin da ya gano alƙibla da lissafin zangon fatake

Duk wanda ya taɓa kwana a hanyar Agadas, Arlit, Assamaka da In Guezzam zuwa Tamanrasset ya san gardamar da kan tashi idan mota ta tsaya a tsakiyar rairayi, aka yi taimama, aka zo shimfiɗa tabarma. Wani ya ce a fuskanci gabas a karkata hagu sosai kamar yadda aka saba a Maraɗi da Kano, wani kuma ya ce a'a Alhaji, ai mun riga mun wuce saitin Makka ta arewa, don haka dama za a karkata.

Mai magana ta biyu yana da hujja idan aka duba taswira. Tamanrasset tana digiri 22.79 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, Makka kuwa tana digiri 21.42, wato lallai Makka ta ɗan fi ta kudu. Amma duk da haka alƙiblar Tamanrasset ba dama take karkata ba, hagu take, da misalin digiri 4 daga gabas sak. Dalili kuwa shi ne duniya dunƙulalliya ce kamar ƙwallo, ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar takardar taswira. Mutumin da za mu kawo tarihinsa a yau yana cikin waɗanda suka fi kowa wahala a kan wannan mas'ala, shekara dubu da suka wuce, kuma abin da ya ɗauke shi shekaru yana tattarawa, yau ɗan kasuwa zai iya buga shi a kalkuleta kafin shayi ya huce.

Haihuwarsa da tasowarsa

Sunansa Abu Raihan Muhammad ɗan Ahmad Al-Biruni. An haife shi a watan Satumba na shekarar 973 Miladiyya, daidai da Zulhajji na 362 Hijiriyya, a bayan garin Kath, babban birnin ƙasar Khawarizm, kusa da kogin Amu Darya. Wurin yana cikin Uzbekistan a yau, kuma garin da ke nan yanzu sunansa aka sa masa. Laƙabin Biruni daga kalmar Farisanci yake, mai ma'anar waje, kamar dai yadda a Kano ake cewa wane ɗan Waje ne, ba ɗan Birni ba.

Allah Ya haɗa shi tun yana yaro da Abu Nasar Mansur ɗan Iraƙ, wanda ɗan gidan sarautar ƙasar ne, kuma gwani ne a lissafi da ilmin falaki. Wannan malami yana cikin mutanen da suka fito da ƙa'idar warware kusurwoyin da aka zana a bayan abu dunƙulalle, ƙa'idar da lissafin alƙibla ya dogara a kanta. Al-Biruni yana ɗan shekara 17 ya auna tsayin rana da tsakar rana da wani zobe mai alamomi, ya fitar da matsayin garinsu.

Zaman bai ɗore ba. A shekarar 995 sarkin Gurganj, Ma'amun ɗan Muhammad, ya auka wa Kath ya kashe sarkinta, gidan da ke riƙe da Al-Biruni ya faɗi, shi kuma ya gudu. Ya zauna a Rayyu, kusa da Tehran ta yanzu, cikin talauci. Shi da kansa ya ba da labarin yadda wani mai duban taurari na garin ya riƙa yi masa izgili a kan wata mas'ala don kawai ya gan shi ba ko anini, amma da hali ya gyaru sai mutumin ya dawo yana neman abota. A nan Rayyu ne ya san Al-Khujandi, wanda ya gina wani makeken ma'aunin rana a kan tudu a 994.

Abin da ya fi burge mu a shekarunsa na samartaka shi ne aikin da ya yi ranar 24 ga Mayu, 997. Ya koma Kath, suka shirya ta hanyar wasiƙa da dattijon malami Abul Wafa Al-Buzjani da ke Bagadaza cewa kowa ya zuba ido a kan husufin wata na wannan dare, ya rubuta lokacin da ya gani da agogon garinsa. Husufin wata lokaci guda yake kama wa duk masu ganinsa, amma sa'ar dare takan bambanta daga gari zuwa gari. Da suka haɗa takardunsu sai suka ga tazarar kusan sa'a guda. Tunda duniya tana juya digiri 360 a cikin sa'a 24, kowace sa'a digiri 15 ke nan. Da haka suka san nisan garuruwan biyu ta fuskar gabas da yamma, ba tare da ɗayansu ya ɗaura wa raƙumi sirdi ba. Idan muka yi irin wannan lissafi a nan, tsakanin Tamanrasset da Makka digiri 34.31 ne, wato rana tana tsayawa tsaka a Makka sa'a 2 da minti 17 kafin ta tsaya a kanmu.

Daga nan ya yi zama a fadar Sarki Ƙabus na Gurgan, inda wajen shekarar 1000 ya rubuta Al-Asarul Baƙiya, littafin da ya tattara yadda al'ummai daban-daban ke ƙidayar watanni da shekaru da bukukuwansu, Farisawa da Yahudawa da Kiristoci da Larabawan Jahiliyya da Musulmi. A wannan tsakanin ne suka yi musayar wasiƙu da Ibnu Sina, wanda bai kai shi shekaru ba, inda ya tura masa tambayoyi 18, mafi yawansu a kan maganganun Aristotal, kuma amsoshin ba su gamsar da shi duka ba. Bayan haka ya koma gida, ya zama na hannun daman Sarki Abul Abbas Ma'amun a Gurganj.

A hannun Sarki Mahmudu

A shekarar 1017 sojojin Abul Abbas suka yi masa bore suka kashe shi. Surukinsa, Sarki Mahmudu na Gazna, ya sami hanyar da yake nema, ya kawo yaƙi ya ci ƙasar, ya kwashe malamanta zuwa Gazna, cikin Afganistan ta yau. Al-Biruni yana cikin waɗanda aka tafi da su, yana ɗan shekara 44, kuma ba a nemi shawararsa ba. A watan Oktoba na 1018 yana wani ƙauye kusa da Kabul, cikin ƙunci, ba kayan aiki ko ɗaya a hannunsa. Sai ya ɗauki allon da yake lissafi a kai, ya zana masa alamomin digiri a baya, ya rataya zare mai ɗan nauyi a baki, ya auna rana da shi ya fitar da matsayin wurin.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu faɗi abin da yake aunawa, don maganar ta zauna. Ka jingina tsani mai tsawon kamu ɗaya da bango. Tsayin da kan tsanin ya kai a jikin bango, shi Larabawa suka kira jaibu, shi ne aka rubuta sin a kan kalkuleta. Tazarar da ke tsakanin gindin tsanin da bango ita ce cos. Idan ka raba na farko da na biyu ka sami tan, wanda malaman da suke kira zillu, wato inuwa. Kana ƙara miƙar da tsanin, waɗannan lambobi suna canzawa, kuma kowace kusurwa da nata. Kalmar jaibu asalinta daga harshen Indiyawa take, Larabawa suka rubuta ta da baƙaƙensu ta yi kama da kalmarsu ta aljihun riga, Turawa kuma suka fassara ta a haka zuwa Latin. Kalmarmu ta aljihu ma daga nan ta fito, saboda haka madannin nan na sin ɗan uwan aljihunka ne na jini.

Wajen shekarar 1021 Al-Biruni ya rubuta littafi sukutum a kan inuwa, saboda da ita ake gane lokutan salla. Lokacin La'asar a mazhabarmu ta Malikiyya yana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar da ya rage da ita da tsakar rana. A cikin littafin ya ba da labarin wani mai kula da lokutan salla da ya ƙi karɓar na'urar da aka yi masa don an rubuta watannin Rumawa a jikinta, yana ganin koyi ne da kafirai. Al-Biruni ya tuna masa cewa Rumawa suna cin abinci suna kuma shiga kasuwa, in haka ne sai ya bar waɗannan ma. Bakinsa yana da kaifi, wannan kam ba a musu.

Dutsen Nandana

Yaƙe-yaƙen Mahmudu sun buɗe masa hanyar Indiya. A sansanin Nandana, cikin Punjab ta Pakistan a yanzu, ya ga wani dutse da ke kallon fili shimfiɗaɗɗe iya ganin ido. Tun zamanin Halifa Al-Ma'amun, wajen shekarar 830, an aika masana cikin hamada sun auna tsawon digiri ɗaya da igiya da tafiyar ƙafa. Al-Biruni ya taɓa son maimaita wannan aiki a yankin Gurgan, bai sami mai ɗaukar nauyi ba. A Nandana sai ya bi wata hanyar da ba ta buƙatar ayari. Ya fara gano tsayin dutsen ta lissafi, ya sami kamu 652 da ɗan ɗoriya. Sannan ya hau kansa, ya auna yadda bakin sama, inda ƙasa da sama suka haɗu, ya sunkuya ƙasa da saitin idonsa. Ya sami minti 34, wato rabin digiri da 'yan kai, tunda minti 60 ke yin digiri guda.

Lissafin gajere ne. A ninka tsayin dutsen da cos na wannan kusurwa, a raba da abin da ya rage idan aka debe cos ɗin daga 1. Amsar ita ce nisan da ke tsakanin doron ƙasa da cibiyarta. Shi ya sami kamu miliyan 12 da dubu 800 da wani abu.

Sau da yawa za ka ji ana cewa amsarsa ta yi daidai da kilomita 6,371 da aka sani a yau, saura ƙiris. Mu dai muna ganin a yi hattara da wannan yabo. Da farko, mayar da kamunsa zuwa kilomita ya dogara da wane kamu aka ɗauka, kuma kowane ɗan kasuwar yadi ya san kamu kamu ne, amma hannu ba ɗaya ba ne. Na biyu, wanda duk ya buga lambobinsa a kalkuleta zai sami kimanin miliyan 13 da dubu 300, domin jadawalin da ya yi aiki da shi yana da ɗan kuskure a can ƙarshen lamba, kuma a irin wannan lissafi ɗan kuskure yana kumbura. In da ya karanta minti 33 maimakon 34, amsar za ta haura miliyan 14. Ga shi kuma iska tana lanƙwasa haske a bakin sama. Shi kansa bai yi kurin da ake yi masa ba. Ya ɗauki aikin nasa a matsayin gwajin abin da masanan Al-Ma'amun suka samo, da ya ga sun yi kusa sai ya ci gaba da aiki da nasu, yana mai cewa kayan aikinsu sun fi nasa.

Alƙiblar Gazna, da tamu

A shekarar 1025 ya kammala littafin da ya sa muka ɗauko tarihinsa, Tahdidu Nihayatil Amakin. Manufarsa ita ce gano alƙiblar Gazna daidai. Don yin haka dole a san abu biyu game da kowane gari: nisansa arewa ko kudu, wanda Larabawa ke kira faɗin gari, da nisansa gabas ko yamma, wanda suke kira tsawon gari. Na farko mai sauƙi ne, rana da taurari suna nuna shi. Na biyun shi ne ƙashin aikin a zamanin da babu agogon da za a ɗauka daga gari zuwa gari.

A nan ne fatake suka shigo. Al-Biruni ya tattara nisan zango-zango da ayari suka sani, daga Bagadaza zuwa Rayyu, zuwa Gurganj, zuwa Balkh, zuwa Gazna. Ya kuma bi ta hanyar kudu, ta Shiraz da Zaranj, don ya gwada ɗaya da ɗaya. Da yake hanyar raƙumi ba miƙaƙƙiya ba ce, tana kewaye dutse tana neman rijiya, sai ya riƙa rage wani kaso daga nisan da fatake suka faɗa, sau da yawa kashi ɗaya cikin shida, gwargwadon murɗewar hanyar. Idan ya san faɗin garuruwa biyu da nisan da ke tsakaninsu, lissafi zai ba shi bambancin tsawonsu. A ƙarshe ya sami digiri 24 da minti 20 tsakanin Bagadaza da Gazna. Ma'aunin zamani ya ba da digiri 24 da 'yan mintoci kaɗan. Kuskurensa bai wuce sulusin digiri ba, a tafiyar da ta haura kilomita 2,000, kuma da ƙidayar madugai aka yi ta.

Daga nan ya nuna hanyoyi da dama na fitar da alƙibla. Bai rubuta su da irin alamomin da 'yan makaranta ke amfani da su yanzu ba, da zance da zane ya yi, mataki-mataki, amma idan aka dunƙule su wuri guda ga abin da suke bayarwa. Sai a nemi kalkuleta mai sin da cos da tan, irin ta 'yan sakandare. Babbar nan ta kan teburin shago mai manyan lambobi ba ta da su, amma yawancin wayoyin hannu suna da su.

Kafin komai a buga sin 30. Idan ta ba da 0.5, to tana kan digiri, ana iya ci gaba. Idan ta ba da wani abu daban, an bar ta a kan RAD ko GRA, sai a mayar da ita DEG, in ba haka ba duk abin da za a buga shirme ne.

Makka tana 21.42 arewa, 39.83 gabas. Tamanrasset tana 22.79 arewa, 5.52 gabas. A debe 5.52 daga 39.83, saura 34.31. A buga sin 34.31, zai ba da 0.5637, a rubuta shi a gefe. Sai a ninka cos 22.79, wato 0.9219, da tan 21.42, wato 0.3923, a sami 0.3617. A kuma ninka sin 22.79, wato 0.3874, da cos 34.31, wato 0.8260, a sami 0.3200. A debe na biyu daga na farko, saura 0.0417. Yanzu a raba 0.5637 ɗin nan da aka ajiye da 0.0417, a sami 13.52. Wannan lamba ita ce tan na kusurwar alƙibla. Abin da ya rage shi ne a tambayi kalkuleta wace kusurwa ce ke da wannan tan, ta hanyar danna SHIFT sannan tan. Za ta ce 85.8. Ana ƙirgawa ne daga arewa a juyo ta hannun dama, inda gabas sak take a 90. Ke nan alƙiblar Tamanrasset digiri 86 ce in an cike, gabas da ɗan karkata hagu.

Sai dai akwai tarko, kuma a nan ne hankalin mutum ya fi na'ura. Kusurwa biyu ce ke da tan 13.52, akwai 85.8, akwai kuma 265.8, wadda ke kallon yamma, ta ba Ka'aba baya. Kalkuleta ɗaya kawai take nunawa, ba ta kuma san wadda kake nufi ba. A Tamanrasset an yi sa'a ta nuna wadda ake so. Amma wanda ya wuce arewa zuwa In Salah, mai 27.20 arewa da 2.48 gabas, idan ya bi matakan nan zai ga debewar da ke tsakiya ta ba da lamba mai alamar ragi a gabanta, ƙarshe kalkuleta ta ce masa −88.6. Babu alƙibla irin wannan. Sai ya ƙara 180, ya sami 91.4, wato a can alƙibla ta tsallaka gabas ta koma dama kaɗan. A babban birni Aljiyas za ta nuna −74.6, a ƙara 180 a sami 105.

Mun buga na sauran zangunan hanya don mai buƙata ya yanke ya ajiye. Kano 68, Maraɗi 71, Agadas 76, In Guezzam 81, Tamanrasset 86. Wato duk wanda ya taso daga ƙasar Hausa yana yin arewa, alƙiblarsa tana matsowa gabas sannu a hankali, amma ba ta tsallake ta sai ya kusa In Salah. Masu gardamar da muka fara da su, kowa yana da rabin gaskiya: na farko ya yi daidai da ya ce hagu, ya yi kuskure da ya riƙe karkatar Maraɗi, na biyu ya yi daidai da ya ce abin ya canza, ya yi gaggawar kai shi dama.

Kada wannan ya tayar wa kowa da hankali a kan sallolin da ya riga ya yi. Mafi yawan malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa wanda ke nesa da Makka, fuskantar sashen da take ya wadatar masa idan ya yi iya ƙoƙarinsa. Inda lissafin ya zama dole shi ne wajen aza harsashin masallaci ko haƙa kabari, domin daga Tamanrasset zuwa Makka kimanin kilomita 3,500 ne, kuma kowane digiri guda da aka kauce yana kai mutum kusan kilomita 60 gefe da Ka'aba. Mai aiki da kamfas kuma ya matsa nesa da mota, ƙarfenta yana jan allurar. Wanda kuma bai yarda da na'ura ba, akwai gwaji kyauta sau biyu a shekara. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, agogon Aljeriya da Nijar da Nijeriya, rana tana tsaye a kan Ka'aba. Duk inda ka ga rana a wannan lokaci, nan ce alƙibla, inuwar sanda kuma tana nuna bayanta.

Sauran ayyukansa

A Indiya bai tsaya ga duwatsu ba. Ya koyi Sanskrit, harshen malamansu, yana babba, ya zauna da su, ya fassara wasu littattafansu zuwa Larabci. Wajen 1030 ya gama babban littafinsa a kan Indiya, wanda ya bayyana addininsu da lissafinsu da dokokinsu da ma'aunansu kamar yadda su suke faɗa, bai kuma ɓoye cewa hare-haren ubangidansa Mahmudu sun rusa arzikin ƙasar sun dasa ƙiyayyar Musulmi a zukatan mutanenta ba. Yana da wani ɗan littafi a kan lissafin da Indiyawa suka ƙware a kai, wanda kowannenmu ke yi kullum ba tare da ya san yana da suna ba: idan buhu 5 na dabino ya kama kaza, buhu 12 nawa zai kama.

Mahmudu ya rasu a 1030, ɗansa Mas'udu ya hau, kuma a zamaninsa ne Al-Biruni ya sami sakewa. Ya rubuta masa Al-Ƙanunul Mas'udi, kundin falaki mai kashi 11, wanda kashi na uku duka a kan lissafin kusurwa yake. A ciki akwai jadawalin jaibu na kowane rubu'in digiri, da na inuwa na kowane digiri, duk da hannu aka fitar, da matsayin garuruwa sama da 600. Aikin da madannin sin ke yi cikin ƙiftawar ido, irin wannan jadawali ne ake buɗewa a nema. An ruwaito cewa sarkin ya aika masa da azurfa kayan giwa guda, ya mayar da ita baitulmali.

A zamanin Maududu ɗan Mas'udu ya rubuta littafi a kan duwatsu masu daraja da ƙarafa. Ya ƙera wani ɗan tulu mai bututu a wuya, ya cika shi da ruwa, ya jefa abin da ya riga ya auna nauyinsa, sannan ya auna ruwan da ya zubo. Da haka ya gano cewa zinariya ta ninka ruwa mai girmanta nauyi sau 19 da ɗoriya, abin da ya yi kusa ƙwarai da 19.3 na yau. Tagulla ba ta kai rabin haka ba. 'Yan uwanmu da suka shiga harkar zinariya tun da aka gano ta a Djado da Tchibarakaten a 2014 sun san wannan gwaji na ruwa, ko da ba su san tsufansa ba.

Littattafansa sun kusa 150, amma ashirin da 'yan kai ne suka iso gare mu. Littafin alƙiblar nan ma kwafi ɗaya tak ya tsira, yana Istanbul. Turawan da suka fassara Ibnu Sina da Al-Khawarizmi zuwa Latin tun da daɗewa ba su fassara shi ba, sai a ƙarni na 19 Bajamushe Edward Sachau ya fitar da Al-Asarul Baƙiya da Turanci a 1879, da littafin Indiya a 1888. Da ya cika shekara dubu da haihuwa ƙasashe da dama sun buga kan sarki da sunansa, har da Aljeriya a 1974, akwai kuma wani rami a duniyar wata da aka sa wa sunansa.

Rasuwarsa

Aikinsa na ƙarshe littafin magunguna ne, inda ya jera itatuwa da saiwoyi da sunayensu cikin harsuna da yawa, don mai saye a wata ƙasa kada a ba shi wani abu da sunan wani. Ya rubuta shi ganinsa da jinsa sun yi rauni, sai da wani ya taimaka masa. Tsofaffin littattafai sun ce ya rasu a Gazna a watan Disamba na 1048, wato 440 Hijiriyya, wasu masu bincike kuma sun kai rasuwar bayan 1050, bisa abin da ya faɗa game da shekarunsa a wannan littafi.

Yaƙutul Hamawi ya kawo labarin wani malamin fiƙihu da ya je duba shi yana gargarar mutuwa. Al-Biruni ya tambaye shi wata mas'ala ta rabon gado da suka taɓa tattaunawa, a kan gadon kakanni mata. Malamin ya ji tausayinsa, ya nuna masa ba lokacin wannan ba ne, shi kuwa ya nace cewa ya fi son ya bar duniya yana sane da amsar. Malamin ya maimaita masa mas'alar, ya riƙe ta, ya yi sallama ya fita. Bai yi nisa a kan hanya ba ya ji kuka ya tashi daga gidan.